Shirwar Cikin Gilashi

Na daɗe ina ja da baya ga rubuta wannan labari, domin ba labarin bajinta ba ne. Amma da Edita ya matsa mini in kawo wani abu a wannan fitowa, na kuma ga abokai duk sun rungumi manyan batutuwa, wannan yana kan karin harshe, wancan yana kan makaɗan fada, sai na ce bari ni in kawo abin da ya same ni da kaina. Wanda ya ga abin dariya ya dara, ni ma yanzu nakan dara. A lokacin dai ban dara ba.

Ni mutumin Fakku ne, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato in ka wuce Tambuwal. Babbar yayarmu tana aure a Kano, kuma Allah ya sauke ta lafiya ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ta 2024. Inna ba za ta je ba, domin Yaya 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa balle ta yi tattaki zuwa ɗakinta. Baba kuwa ruwa ya sauka, shuka ta fito, ba mai raba shi da gona. Saboda haka aka ɗora tafiyar a kan Gwaggo, ni kuma da nake gida hutu aka ce in yi jagora, tunda ni ne ɗan jami'a, ni na san birni. Ƙannena biyu, Tanko mai shekara 11 da Auta mai shekara 7, suka kafa kuka sai an je da su. Ba jariri ya dame su ba, dawaki suke so su gani. Laifina ne kuwa, don ni na cika musu kunne da labarin hawan Daushe, yadda sarki ke fita washegarin Sallah ya gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, hakimai su biyo baya kowa da zugarsa, a ƙare da jafi a Ƙofar Kudu. Na ba su labarin 'yan lifida da 'yan sulke da algaita da kakaki kamar a gabana aka yi, alhali ni ma a takarda da waya na gani.

Daren da za mu tashi Baba ya kira ni zaure, ya ƙirgo naira 80,000 ya danƙa mini. Ya ce in mun komo in tsaya Tambuwal in sayo takin zamani buhu biyu, a sa wa gero da dawa bayan noman farko. Duk wanda ya san halin da manomi ya shiga tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya san abin da kuɗin nan suke nufi a gida irin namu. Tunkiya biyu aka sayar kafin su haɗu. Na sa su a aljihun ciki na maƙale da fil.

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga can zuwa Kano kuma fiye da 500, ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa, hanyar da direba mai hankali ba ya yarda dare ya yi masa a kanta. Tanko bai runtsa ba. Duk garin da muka shiga sai ya tambaya ko nan ne Kano.

Da muka isa sai muka tarar da abin da ba mu zata ba. A watan Mayu majalisar dokokin jihar ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamnati ta maido da Muhammadu Sanusi na Biyu gidan Dabo, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa, magana tana kotu. Ana haka 'yan sanda suka ba da sanarwar hana hawan Sallah gaba ɗaya. Ba Daushe, ba Nasarawa. Abin mamaki, a Disambar wannan shekara ce UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, amma wannan wani zance ne. Abin da ya dame ni a ranar shi ne fuskar Tanko. Yaro ya yi tafiyar yini guda a takure, ƙafarsa a kan buhun kayan barka, aka ce masa ba doki. Bai yi kuka ba, ya dube ni kawai, irin duban da ake yi wa wanda ya ci bashi ya ƙi biya.

Washegarin Sallah muka je Gidan Zu, wanda Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970. Jama'a ta yi yawa har ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka, muka komo da ƙura da ƙishirwa. Rana ta uku mijin Yaya ya ga yaran sun yi jugum, sai ya ciro naira 5,000 ya ce in kai su gidan wasan na'ura da ke cikin wani katafaren kanti, ya haɗa mu da ɗansa na fari, wanda muke kira Abba saboda sunan Baba gare shi. Shekararsa 8, haihuwar Kano, idonsa a buɗe. Kuɗin taki kuwa na tafi da su a jikina, don gidan cike yake da baƙi, na ga barinsu a jaka ganganci ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, bari in kwatanta masa. Ɗaki ne babba, ba taga ko ɗaya, ba agogo a bango, sanyi kamar asubar hunturu. Fitilu ja da kore da shuɗi suna ta walƙiya, kowace na'ura tana nata kiɗa, ba wadda ke sauraron wata, sai ka ce an tara makaɗa ashirin an ce kowa ya yi ta kansa. Ga motocin tsere, kujera da sitiyari da allo, yaro yana zaune wuri ɗaya amma yana karkata jiki kamar da gaske kwana yake sha. Ga wani teburi mai hura iska ta 'yan ƙananan huji, ana buga wani faifai yana sulɓi a kai. Ga kwando da ake jefa ƙwallo. Ga doki na roba mai sirdi da linzami. Ba a sa wa ko ɗaya daga cikinsu takardar kuɗi. Sai ka je gaban kanta ka ba da naira 500 a ba ka kwandala ɗaya ta gidan, wadda ba ta sayen ko ashana in ka fita ƙofa. Dabarar tsohuwa ce a can inda ta fito. Tun 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, aka riƙa jefa masa tsaba a shaguna, a 1978 Taito na Japan ya kawo Space Invaders, a 1980 Namco ya biyo da Pac-Man. Watau lokacin da yaran Tokiyo ke layi da tsabar yen 100 a hannu, Baba yana yaro yana langa a dandalin Fakku da farin wata.

Aka zuba mana kwandala 10 a wani ɗan kofin roba. Auta ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta ce, “Yaya, marfin kwalba na?” Ba laifinta ba ne. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an sayi wani abu da tsabar ƙarfe ba, kuɗin ƙarfen da ta sani su ne marafan kwalba da suke daddaƙewa su yi wasan kasuwa.

Tanko kuwa idonsa na kan dokin nan. Ya matsa gaban kanta da kansa, ya buɗe murya yadda muke buɗewa a gida, ya ce da mai ba da kwandala, “Malam, wanga doki, kuɗɗi nawa aka hawa nai?”

Wasu 'yan mata uku da ke bayanmu, sa'o'ina ko ƙasa da ni kaɗan, suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta ce, “Ji wani wai wanga!” Mai kantar ma ya murmusa. Ba wani mugun abu suka yi ba, dariya ce irin wadda mu ma muke yi wa Bakano in ya zo kasuwarmu yana lanƙwasa harshe. Amma ni sai na ji kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Na kama kunnen Tanko na murɗa, na ce masa da Kananci tsantsa, da ƙarfi yadda 'yan matan za su ji su san ni ba irinsa ba ne, “Kai, yi Hausa sosai mana! Ka bar mana ƙauyanci a nan.”

Jama'a, ni ne fa. Ni da na rubuta jinga shafi 12 a kan karin harshen yamma, malam ya ba ni maki mai kyau. Ni da na san cewa daidaitacciyar Hausa ta jingina da Kananci ne saboda dalilan mulki da ɗab'i, ba don ta fi sauran tsarki ba, na kuma san masana sun tabbatar cewa Hausar yamma ta fi riƙe tsofaffin sigogin harshen. Da wannan bakin Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na Hausa, da shi Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa, da shi Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka cika gidajen rediyon Arewa. Duk na san wannan, na haddace, na zuba a takardar jarrabawa. Amma dariyar 'yan mata uku ta share shi cikin ƙiftawar ido. Na sha tunani a kan inda wannan kunya ta samo asali. Wataƙila jan biron da aka yi ta ja mana a ƙarƙashin “munka” da “sunka” tun firamare ne, ba tare da an gaya mana cewa ƙa'idar rubutu daban, darajar baki daban ba. Wataƙila kuma finafinan Hausa ne, inda sau da yawa in ana so a nuna baƙauye ko a ba da dariya sai a ara masa bakin Sakkwato. Ko ma mene ne, ba jan biro ne ya murɗe kunnen Tanko ba.

Yaron bai ce uffan ba. Na jefa kwandala a dokin, ya hau, dokin ya shiga rausaya gaba da baya yana wata 'yar waƙa, minti biyu ya tsaya cak. Tanko yana zaune a kai ƙafafunsa suna jan ƙasa, don an yi dokin ne saboda yara 'yan shekara huɗu. Wannan yaro kuwa yana sukuwa a kan jaki ba akumari tun yana shekara shida. Ya sauko ya tsaya gefe ya harɗe hannu.

Abba ya ja mu wurin bindiga. Allo ne babba, mutane suna ɓullowa daga bayan gini kana harbinsu, ƙarar kuwa kamar gaske. Yana jefa kwandala harbi ya tashi, sai na ji Auta ta cusa kai cikin rigata tana rawar jiki. Tanko ya ja da baya har ya bugi bango. Abba ya yi ta dariya yana kiran su matsorata, ni kuwa na gane. A 'yan shekarun nan kudancin jiharmu bai tsira daga 'yan bindigar daji ba, kuma yaran yankinmu sun san abin da ake yi in an ji wannan ƙara da dare: ba a tsayawa kallo. Na ɗauke ta muka bar wurin.

A wurin kwando ne abin ya juya. Na'urar tana sako ƙwallaye, kana jefawa, tana ƙirga maka, in lokaci ya cika ta tofo tikiti gwargwadon abin da ka ci. Abba ya jefa ya sami 9. Na jefa na sami 14, ina hura hanci. Na miƙa wa Tanko kwandala, ya ƙi karɓa, sai da Abba ya jefa masa ita da kansa ya tura shi gaba. To, hannun da ya saba jifar tsuntsu da hoge a gonar gero, ya saba kakkaɓo kanya daga reshen sama, me kwando mai faɗin baki zai gaya masa? Bai ko duban ƙwallon, yana ɗauka yana saki. Lamba ta haura 40, ta haura 50, tikiti ya yi ta zubowa har ya naɗe a ƙasa. Yara suka taru, har 'yan matan nan suka matso suna tafi. Kwandalolin mijin Yaya suka ƙare, na ciro naira 5,000 na aljihuna na ƙaro 10, rabinsu duk a kwandon suka tafi. Abba yana tsalle yana cewa, “Kawuna ne! Daga Sakkwato ya zo!”

Na dubi Tanko ina jira ya yi ihun da na san shi da shi, wanda in ya sha a langa ana jin sa har bakin rijiya. Bai yi ba. Leɓensa a rufe gam. Yara suna tambayarsa yaya yake yi, yana gyaɗa kai kawai kamar bebe. Ya ci wasa a tsakiyar Kano, amma yana tsoron buɗe baki kada wanga ya fito yayansa ya ji kunya. Wannan shirun ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Mai hankali a nan zai ja yaro gefe ya ce masa, yi haƙuri, na yi kuskure. Kalma huɗu ko biyar. Amma a gidajenmu babba ba ya saba ba ƙarami haƙuri da baki, sai dai ya saya masa wani abu. Ina neman abin da zan saya sai Auta ta ja hannuna, ta nuna wani akwatin gilashi a lungu, cike da 'yan tsana masu laushi, a samansa wani hannun ƙarfe mai yatsu uku yana reto. Wani yaro ya jefa kwandala, hannun ya taho ya tsaya, ya sauko ya buɗe yatsu ya cafki 'yar tsana. Auta ta ce, “Yaya, shirwa! Shirwa ta, za ta ɗauki ɗan tsako!” Wallahi ban taɓa jin sunan da ya dace da abu kamar wannan ba. Akwai wata 'yar zomanya fara mai jan kunne a can gefe. Ita take so. Na ce a raina, in na ciro wa Auta zomanyar nan, Tanko zai ga yayansa ma gwani ne, a huce, a koma gida ana labari.

Saura kwandala biyu a kofi. Na jefa ta fari, na tuƙa shirwar da ɗan sandan da ke gaba, na daidaita ta a kan zomanya, na danna. Ta sauko, ta kama, ta ɗaga. Auta ta yi ƙara. Kafin ta kai bakin ramin da ake sakowa sai yatsun suka saki kamar hannun mai barci, zomanya ta faɗi. Ta biyu ma haka, har ta fi matsowa kusa da ramin. Saura ƙiris.

Wannan “saura ƙiris” shi ne dukan sirrin akwatin. Daga baya na bincika na gane cewa yawancin irin waɗannan na'urori ana ƙera su da wurin daidaita ƙarfin yatsun, mai ita yana iya saita ta yadda za ta kama da ƙarfi sa'ad da take ɗagawa, ta sassauta a hanya, ba za ta riƙe gam har ƙarshe ba sai sau ɗaya cikin jefawa masu yawa. Kai kana tsammanin gwanintarka ake gwadawa, alhali lissafi ne aka gama tun kafin ka shigo. A dara, in an cinye ka, ka san wanda ya cinye ka, ka ga inda ka yi sake a cikin gurabun nan 30, gobe ka gyara. A carafke yarinya ta san hannunta ne ya yi nauyi. Nan kuwa ba abin da za ka koya, don ba kai ka yi kuskure ba. Ko wannan caca ce ko ba caca ba ce, na bar wa malaman fiƙihu, amma ni na san abin da na ji a ƙirjina, kuma ba wasa ba ne.

Na cire fil ɗin aljihun ciki. Na ce naira 2,000 kawai, zan cike daga kuɗin motata. Kwandala huɗu suka tafi. Na koma na ƙaro 6. Zomanya ta matso har kunnenta ɗaya yana leƙa ramin. Na ƙaro 10. Yanzu kuma ba don Auta nake yi ba, ita har ta gaji ta zauna a ƙasa tana wasa da tikitin Tanko. Mutane sun taru a bayana, kowa yana ba da shawara, wannan ya ce kama ta wuya, wancan ya ce ta ƙafa, ni kuwa gumi yana keto mini cikin wannan sanyi. In na bari yanzu, kuɗin da na zuba sun tafi a banza, in na ƙara ɗaya wataƙila ita ce. Na ƙaro 10 na ƙarshe. Ban san la'asar ta yi ba, ban san ta wuce ba.

Ina shirin jefa ta ƙarshe sai na ji an riƙe mini hannu. Tanko ne. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena yadda ba wanda zai ji, ya ce, “Yaya, kuɗɗin takin Baba na.”

Maganarsa ta fari ke nan tun da na murɗe masa kunne. Ashe ya ga lokacin da na cire fil. Na tsaya da kwandala a hannu, na yi lissafi: naira 15,000. Auta ta miƙo hannu ta karɓe kwandalar ta ƙulle a bakin zanenta, ban hana ta ba.

Muka kai tikitin Tanko wurin musaya. Mai kanta ya ƙirga, ya ba shi fensir ɗaya, balan-balan biyu, da alewa uku. Ya ba Abba fensirin, ya ba Auta sauran. A cikin a-daidaita-sahu muna komowa Abba ya yi ta maimaita “munka ci, munka ci”, yana gwada bakin kawunsa, da alfahari yake yi ba da ba'a ba. Uwarsa ma ai in ranta ya ɓaci da wannan bakin take yi masa faɗa.

Ban gaya wa Gwaggo ba, ban gaya wa Yaya ba. Na so in roƙi mijin Yaya ya cike mini, amma mutumin da ya yi hidimar suna da ta layya a mako guda, da wane ido zan dube shi? A Tambuwal na sayi buhu ɗaya, sauran kuɗin na sa aka auna mini tiya-tiya a wani tsohon buhu. Tun daga tasha har gida ina shirya ƙarya. Taki ya tashi, wannan ba wanda zai musa. An yanke mini aljihu a Kano, wannan ma ba wanda zai musa. Tanko yana gefena, kuma na san ba zai tona ni ba. Sanin hakan ne ma ya hana ni, don in na yi ƙaryar na ɗora masa wani shirun a kan na farko.

Bayan sallar isha'i na sami Baba a zaure, na durƙusa na faɗa masa duka, har da kunnen. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, “Shirwag ga, ta ba da zomon?” Na ce ba ta bayar ba. Ya ce, “Dubu goma sha biyat, ko zomon ba ta ba ka ba.” Ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda na gwammace mari da ita. Sa'an nan ya ce kuɗin da ya tanada na 'yan ƙwadago su za su cike taki, saboda haka gonar fadama ba ta da mai noma sai ni. Ya ƙara da cewa maganar kuɗi ta ƙare a nan, amma maganar kunne tsakanina da mai kunnen ce.

Da safe Auta ta kai wa Kaka kwandalarta. Tsohuwa ta kai ta kusa da ido ta juya, ta ce wannan kwabon zamani ko huji babu, ina za a zura shi? Daga nan ta ɓalle da lissafin kuɗin da ta sani kafin naira ta zo a 1973: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, sule, fataka. Ta ce da kwabo mai huji ake zura wa a igiya a ɗaura a ƙugu, kuma kwabo ɗaya yana sayen abin da zai ƙosar da yaro. Ta dube ni ta ce, “Kai kuwa angona, an ce ka ba tsuntsuwa dubu goma sha biyat. Ni da ka aje ko goro ba ka kawo min ba.” Gidan duka aka sa dariya. Da yamma Auta ta kai kwandalar maƙera aka huda mata, ta zura a zare ta rataya a wuya.

Kwana tara na yi ina noman fadama. Hannun da ya shekara uku ba ya riƙe komai sai biro ya yi ƙanta ya fashe tun rana ta biyu. Ba wanda ya sa Tanko, amma kullum sai in gan shi ya biyo ni da 'yar hauyarsa, ya kama kuyya ta kusa da tawa, ya wuce ni ya bar ni a baya. Ba ya magana, ni ma ba na yi. Rana ta huɗu da hantsi muka zauna gindin kanya shan fura. Na yi ta juya maganar a baki, daga bisani na ce masa, da bakinmu na gida, “Tanko, abin da niy yi ma Kano, ban kyauta ba. Ka yi man haƙuri.”

Ya kurɓi fura, ya goge baki da bayan hannu, ya dube ni sama da ƙasa. Sa'an nan ya maƙale murya, ya lanƙwasa harshe irin na mutanen Kano, ya ce, “Kai, yi Hausa sosai mana!”

Ya ajiye ludayi ya ruga cikin gero yana ihu, na bi shi da hoge.